Sunan Da Ya Fito Sau Biyu

Litinin, 5 ga Oktoba 1987, bayan La'asar

Yau Alhaji Uba, manajan ma'aikata, ya shigo ɗakin kwamfuta ya rufe ƙofa da hannunsa. Tun da aka ɗauke ni daga kan tafireta aka zaunar da ni gaban wannan na'ura bai taɓa leƙowa ba, wai sanyin ɗakin yana tayar masa da mura. Da na ga ya shigo har da rufe ƙofa, na san ba gaisuwa ta kawo shi ba.

Ya ce, "Rakiya, akwai sunayen bogi a masaƙar nan. Za a soke tsofaffin katuna a yi sababbi. Layi ɗaya a na'urarki, kati ɗaya. Wanda bai samu kati ba, ba ma'aikacinmu ba ne, ko da a nan Challawa aka yanke masa cibi."

Na ce, "To, ranka ya daɗe."

"Amma kafin nan ki fito mini da duk sunan da ya zo sau biyu. Mai shi zai tsaya gaban kwamiti. In babu bayani, kora ce, da 'yan sanda a kai. Kuma maganar nan ba ta fita daga ɗakin nan. Ko mijinki."

Me ya sa ya ambaci mijina? Mutum ɗari nawa ke saƙa a kamfanin nan, sai Baban Zaituna ya faɗo masa a baki? Ko dai hakanan ya faɗa don ya san tare muke aiki a wuri ɗaya. Ko kuma ba hakanan ba. Alhaji Uba mutum ne da ko atishawa ya yi sai na tambayi kaina wa yake nufi.

Tunda an hana ni faɗa wa kowa, zan riƙa faɗa wa wannan takarda.

Talata, 6 ga wata, da azahar

Fayil biyu gare ni, ɗaya na masu aikin safe, ɗaya na masu aikin dare. Na sa musu suna safe da dare. Watan jiya aka buga su daga rajistar Malam Shu'aibu tankifa, mai rubuta shiga da fitar ma'aikata, ni da wasu akawu biyu, kowa da shafukansa. Kowane layi mutum guda ne: sunansa, sunan ubansa, garinsu, sashensa. Ba a sa lamba ba, tunda tsofaffin lambobin ake son binnewa.

Na haɗe su wuri ɗaya a fayil mai suna duka, na buga uniq -d in ga waɗanda suka maimaitu. Ko ɗaya bai fito ba. Har na fara murna zan je in ce wa Alhaji masaƙarsa tsarkakakkiya ce, sai na tuna abin da injiniyan da ya kafa mana na'urar ya yi ta nanatawa: uniq maƙwabcinsa kawai ya sani. In layi biyu iri ɗaya ba su zauna kusa da juna ba, ba zai taɓa ganinsu ba. Sai an fara jera su. Na sake bugawa:

sort duka | uniq -d

Sai ga sunaye suna gangarowa, har suka cika gilashin suka wuce. Yawancinsu na gane dalili. Mutanen da aka sauya wa aiki ne daga safe zuwa dare, aka rubuta su can ba a goge su nan ba. Ina bi da yatsa ina dariyar shirmen rajistar Malam Shu'aibu, sai yatsana ya tsaya.

Sunan da ba na faɗa. Shi, da sunan mahaifinsa, da Panshekara, da sashen saƙa. Komai daidai, ko ɗigo bai bambanta ba.

Na buga uniq -c, mai ƙirga sau nawa layi ya zo, don in tabbatar, ya sa mini lamba biyu a gefen sunan. Baban Zaituna bai taɓa yin aikin dare ba. Tun kafin aurenmu likita ya hana shi saboda ƙirjinsa. To wane ne yake shiga da sunansa da dare, ko kuma wane ne yake karɓar albashin wanda ba ya shiga?

Ban ci abincin rana ba.

Talata, bayan Magariba

Ya dawo kamar kullum, auduga fara fat a gashinsa da gemunsa. Zaituna ta hau cinyarsa tana tsince masa ita, tana tarawa a gwangwanin madara wai za ta yi wa 'yar tsanarta matashi. Ina kallonsa daga bakin murhu ina neman fuskar ɓarawo, ban samu ba. Amma ni ina na taɓa sanin yadda take?

Baffa ya biyo ya ci tuwo kafin ya wuce aikin dare. Ɗan wan mahaifin Baban Zaituna ne, maraya, a gidansu aka riƙe shi tare suka tashi. Tun da na zo gidan nan daga cikin birni shekara huɗu da suka wuce, ba a mako bai ci tuwona ba. Yau da suka gama sai suka fita zaure suka yi ƙasa da murya. Na je ɗaukar kwano, suka yi shiru.

Na tambaye shi lafiya, ya ce, "Maganar aiki ce. Ke da kike zaune da manya, ina ruwanki da zancen masaƙa?" Da dariya ya faɗa. Ni ban yi dariya ba.

Laraba, 7 ga wata, da hantsi

Daga tagar bene na hango shi lokacin shan iska, wajen mai shayin bakin ƙofa, shi da Malam Shu'aibu, kai da kai. Malam Shu'aibu da carbi a hannun dama, mabuɗin sabon babur a hagu. Tankifa da sabon babur, a wannan shekarar da ko manaja ke kukan tsadar taya. Duk masaƙa an san in akwai sunan bogi, ta alƙalaminsa ya bi.

Sai na ga ya dafa kafaɗar mijina, yana gyaɗa kai kamar mai cewa kar ka damu.

Alhaji ya aiko yana son takardar gobe.

Alhamis, 8 ga wata, bayan an tashi aiki

Na kwana ina juya abin. In na tambaye shi, na karya umarnin Alhaji, kuma in ya ce mini ƙarya ba zan iya sake kallonsa ba. In ya ce mini gaskiya kuma, ban san inda zan sa ta ba. In na bar sunan ya tafi kwamiti, zan ga an fito da uban 'yata a gaban jama'a an sa shi a motar 'yan sanda.

Ba zan rubuta abin da na yi ba. Abin da kawai zan ce, a cikin vi, inda ake gyara rubutu a na'urar, in ka kai kan layi ka danna d sau biyu, layin ya tafi ke nan. Ba ya tambayarka ko ka tabbata. Layukan suna jere ɗaya kan ɗaya, ban san wanne ne na safe, wanne ne na dare ba. Na ƙasan ya fi kusa da hannuna.

Takardar da na kai wa Alhaji babu kowa na gidanmu a ciki. Ya duba ta daga sama har ƙasa, ya sake komawa sama, ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Iyakarsu ke nan?"

"Iyakar abin da na'ura ta fitar ke nan, ranka ya daɗe."

Ban yi ƙarya ba. Abin da ta fitar ke nan.

Juma'a, 9 ga wata, da yamma

Baban Zaituna ya ce miyar ta yi gishiri. Ta yi.

Laraba, 14 ga wata, da azahar

Kwana uku kwamiti na zama. Ana kiran suna, mutum ya shiga ya fito. Yawanci mutum ɗaya ne da aka rubuta sau biyu, a ce ya tafi. Wasu sunayen an kira har an gaji babu wanda ya amsa, kuma har yanzu ba a kama kowa ba, sai dai akawun albashi ya tafi hutun rashin lafiya ba zato. Malam Shu'aibu na nan da carbinsa, har shi ake tambaya shaida. Kura ce aka ba ajiyar nama, in ji masinja, na ce masa ya riƙe bakinsa.

An samu wasu Sule biyu 'yan Dambatta, suna ɗaya, sunan uba ɗaya, sashe ɗaya. Suka shiga tare, ɗaya dogo ɗaya gajere, kwamiti ya yi ta dariya. Aka ce in ƙara wa ɗaya Babba, ɗaya Ƙarami, don na'ura ta daina haɗiye su. Na ƙara.

Da aka gama Alhaji ya tsaya a bayana na buga sort -u, wanda ke jera layuka ya bar guda ɗaya tak daga kowane iri. Ya sa hannu a kan takardar, ya ce daga yau an rufe, ba a ƙara ko wasali.

Ya kamata in ji sanyi a raina. Ban ji ba.

Juma'a, 16 ga wata, bayan La'asar

An raba kati. Suna da lamba kawai, wai mai hoto sai wata mai zuwa. Na safe aka fara ba, Baban Zaituna ya karɓi nasa. Da ya shigo gida na ce, "Barka, an samu kati." Ya dube ni ya daɗe, irin kallon da bai taɓa yi mini ba, ya ce, "An samu." Ya ɗauki buta.

Wato ya gane ɗaya hanyar ta toshe, shi ne yake jin haushi? Na tsamo shi daga rami, ko sannu babu.

Litinin, 19 ga wata, bayan Magariba

Baffa bai zo cin tuwo ba tun ranar Alhamis. Na tambaya, aka ce mini yana nan.

Gidan ya zama kamar ɗakin jiran asibiti. Ya gaishe ni, in gaishe shi. Ya yi wasa da Zaituna, in shigo, ya miƙe. Jiya na kama shi yana kallona ina tankaɗe, da muka haɗa ido ya kawar da kai. Mai laifi ne ke kawar da kai. Amma ni ma na kawar.

Laraba, 21 ga wata, bayan Magariba

Zaituna ce ta fara lura. Ta hau cinyarsa da gwangwaninta, ta lalubi gemunsa, ta ce, "Baba, ina audugar?" Ya ce yau iska ta kwashe.

Na duba. Babu ko ƙwaya. Mutumin da ya yini a gaban injin saƙa ba ya fitowa haka, ko wanka bakwai ya yi. Da na zo wanke wandonsa, yashi na zazzage daga naɗin ƙafar, jiƙaƙƙe, irin na bakin kogi. Tafin hannunsa ya yi bororo biyu, yana ɓoyewa cikin hannun riga.

Yana fita da kekensa da asuba kamar kullum, ya dawo lokacin da aka saba. Ina yake zuwa?

Alhamis, 22 ga wata, da safe

Babu auduga.

Juma'a, 23 ga wata, da azahar

Da asuba yana banɗaki na laluba aljihun rigarsa. Ban taɓa yin haka ba. Goro, ashana, makullin keke. Babu kati.

A ofis na nemi takardar maigadi, inda ake rubuta lambar duk katin da ya shiga. Lambarsa ba ta shiga da safe ko sau ɗaya a makon nan ba. Da dare take shiga, kullum.

To ga shi. Wanda na goge bai mutu ba, ya ma cinye wanda na bari. Ko dai Malam Shu'aibu ya riƙe shi da wani abu ya ƙwace katin ya ba yaronsa, ko shi ya sayar. Mako mai zuwa mai hoto zai zo, an ce an matso da ranar. Duk fuskar da aka ɗauka da wannan lamba, ita ce mai aikin har abada.

Na ji tsoro, kuma na ji haushi, ban san wanne ya fi yawa ba.

Lahadi, 25 ga wata, bayan La'asar

Rabi matar Baffa ta zo, da goyo a baya da kwanon dambu a kai. Ta durƙusa tun daga bakin ƙofa, abin da ba ta saba ba.

"Yaya Rakiya, na zo godiya. Na kasa zuwa da wuri don kunya. Allah ya saka wa Yaya da alheri, ya bar zumunci."

Na ce, "Godiyar me?"

"Katin da mijinki ya ba mu mana. Ya ce shi 'ya ɗaya gare shi kuma ke kina aiki, mu kuwa baki biyar ne. Maigidana, Baban su Ado, har kuka ya yi, ya ce ba zai karɓa ba, Yaya ya rantse masa sai ya karɓa."

Na ce, "Rabi, kati da suna yake. Ta yaya Baffa zai shiga da sunan wani?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta ko ruwa na jiƙa mutum. "Wane wani? Ai nasa ne shi ma."

"Mene ne sunan Baffa?"

Ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya. "Haba Yaya. Ni in faɗa?"

"Ki faɗa mini, don Allah."

"To ke faɗi na Yaya in ji." Na kawar da kai. Ta ce, "Kin gani. Sunan da ba kya faɗa, ni ma shi ne ba na faɗa. Sunan kakansu suka ci su biyun, tsiransu wata uku. Shi ya sa ake ce wa naki Abba a gida, nawa Baffa, don iyaye ba sa kama sunan tsoho. Da aka kai su makaranta kuma Malam Inuwa mahaifin Yaya ne ya rubuta su, duka da sunansa, tunda shi ya riƙe nawa. Wai da gaske ba ki sani ba?"

Mata biyu zaune a kan tabarma ɗaya, suna ɗaya a bakinmu, babu mai iya furta shi. Surukata ba ta faɗarsa, sunan surukinta ne kuma na ɗanta na fari. Ni ba na faɗa, Rabi ba ta faɗa. Shekara huɗu sunan yana yawo a gidan nan a jikin mutum biyu, ban taɓa jin an kira shi ko sau ɗaya ba. Kuma ni da na san duk wanda ake ce wa Baffa sunan wani babba ya ci, ban taɓa tambayar na wa ba.

Na ce, "Shi kuma ina yake yini?"

"Kogin Challawa, wajen masu lodin yashi. Na ɗauka kin sani."

Mai ciwon ƙirji, da shebur, cikin ruwa. Ta tafi ta bar dambun, har yanzu yana rufe.

Litinin, 26 ga wata, da hantsi

Na je rumfar tankifa da ƙafata. Malam Shu'aibu ya ga fuskata ya sallami mutanen da ke wurin.

"Malama Rakiya, na san za ki zo, ban dai san yaushe ba."

Ya ce tun da aka fara raɗe-raɗin sabon kati, mijina ya same shi ya ce sunansu ɗaya da ɗan'uwansa, don Allah ya tsaya musu shaida in an kira su gaban kwamiti. Maganar da na hango ke nan daga bene. Suka yi ta jiran kira, shiru. Da kati ya fito guda ɗaya, shi Malam Shu'aibu ya ɗauki rajista zai hau wajen Alhaji.

"Sai mijinki ya riƙe mini riga. Ya ce, Malam, Sule biyu sun fito a takardar, mu ba mu fito ba. In ka nuna wa Alhaji rajista, tambayar farko da zai yi ita ce wa ke zaune gaban na'ura. Ya ce in bar maganar."

Na ce, "Ya ce ni na yi?"

"Bai ce ba. Cewa ya yi ko kuskure ne ko ganganci, ba zai tsaya ya ga an fito da matarsa a gaban jama'a ba."

Na rasa inda zan sa idona, sai na sa shi a kan mabuɗin babur ɗin. Har yanzu ban yarda da mutumin nan ba, sunayen da ba a amsa ba wani ne ya rubuta su. Amma a wannan maganar gaskiya ya faɗa.

Talata, 27 ga wata, bayan Magariba

Ya dawo yana tari. Na kawo masa ruwan zafi na ce ya miƙo hannunsa, ya ƙi, na kamo da kaina na shafa masa man kaɗanya. Na gama, na rufe kwalbar.

Na ce, "Na ɗauka kai da Malam Shu'aibu kuna cin albashin bogi."

Ya janye hannun a hankali. "Ni?"

"Kai."

"Ni kuwa na ɗauka an ce ki zaɓi ɗaya ne, kika zaɓi naki kika zubar da maraya." Sannan ya ce, "Nawa zaton ya fi naki sauƙi, Rakiya."

Gaskiyarsa. Wannan maganar ta fi mari zafi, kuma na cancance ta. Ya ce in bar komai yadda yake, aiki ɗaya a gida ya fi babu. Na ce to. Ban ce to ɗin me ba.

Laraba, 28 ga wata, bayan an tashi aiki

Gobe mai hoto zai zo. Da safe na aika masinja kogi da keke, na ce ya ce wa Baban Zaituna Alhaji Uba na kira, ya taho da Baffa. Sannan na roƙi Alhaji ya sauko ɗakin sanyi, shi da Malam Shu'aibu.

Fayil ɗin safe da na dare suna nan yadda aka buga su tun farko, ban taɓa su ba, haɗaɗɗen kawai na taɓa. A gabansu na buga:

cat safe dare | sort | uniq -d

Sunayen suka gangaro. Na sa yatsa a kan ɗaya na ce, "Wannan ba ya cikin takardar da na kai muku. Ni na cire shi kafin ku gani. Na ɗauka na bogi ne, na ji tsoron a kama mai shi. Ashe mutum biyu ne, ga su nan a bakin ƙofa."

Suna tsaye, ɗaya da jan ido na rashin barci da auduga a gira, ɗaya da yashi har gwiwa. Alhaji ya laluba aljihu, ya bar tabaransa a sama. Ya matso da fuska kusa da gilashin, ya ja baya.

"Ba na gani. Karanta mini."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ga Malam Shu'aibu."

"Ke kika goge, ke za ki karanta. Wane ne wannan?" Ya nuna Baffa.

Ban sani ba ko da gaske ba ya gani, ko so yake ya hora ni. Da Alhaji Uba ba a taɓa sani. Na dubi ƙasa na faɗi sunan, da na uba, da gari.

"Wannan fa?"

Na ɗago na dubi mijina, na sake faɗa. Wannan karon muryata ta fita sosai, har ta ba ni tsoro. Malam Shu'aibu ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Baffa ya juya yana kallon bango.

Alhaji ya daɗe yana fyace hanci. Daga baya ya ce a mayar da layin, a sa wa ɗaya Abba ɗaya Baffa a ƙarshe, a buga kati na biyu. Na mayar, na sake buga sort -u a gabansa, layukan biyu suka tsaya, babu wanda ya haɗiye wani. Sannan ya miƙo hannu ya ce in ba shi mabuɗin ɗakin.

"Wanda ya goge layi don mijinsa yau, gobe zai ƙara don ƙaninsa. Ki zauna a gida, za ki ji daga gare mu."

Na ba shi. Ban yi musu ba, don ni ma da ni ce shi haka zan yi.

Litinin, 2 ga Nuwamba, bayan La'asar

Ban ji daga gare su ba. Masinja ya ce an kawo wani yaro daga Bompai ya zauna a kujerata, yana ta buga uniq ba tare da sort ba yana cewa komai lafiya. Wataƙila a mayar da ni kan tafireta, wataƙila ko ita a hana ni. Ina kewar ɗakin nan mai sanyi fiye da yadda na zata, ba zan ɓoye ba.

Baban Zaituna ya dawo ɗazu, fari fat da auduga. Zaituna ta rugo da gwangwaninta. Yana zaune tana tsince masa gemu, ya dube ni ta saman kanta ya ce, "Ashe kin san sunana."

Na ce, "Sau biyu na faɗa, kuma ya ishe ka har tsufa."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Bai ce ya yafe zaton da na yi masa ba, ni ma ban tambaya ba tukuna. Baffa zai biyo cin tuwo kafin ya wuce aiki, na ƙara gari.

Tunda bakina ya riga ya faɗa a gaban maza, hannuna ma ya rubuta:

Labaran Inuwa Panshekara
Labaran Inuwa Panshekara

Ba kuskure ba ne. Kar wanda ya goge ko ɗaya.